Dutsen da ke Jakar Kawu

Kwana biyu da rasuwar Kawu, muna zaune a rumfar da aka kafa a ƙofar gidansa a Tudun Wada, sai ga wata farar mota ta tsaya nesa kaɗan da tabarmi. Mutum biyu suka fito. Ɗaya ɗan ƙasa ne, tafinta. Ɗayan kuwa manajan kamfanin nan ne da ke sayen riɗi da waken suya a bakin hanyar Funtuwa, wanda duk Gusau ke ce wa ɗan Sin, ko da yake ban taɓa haɗuwa da wanda ya ga fasfonsa ba. Ya cire takalma, ya durƙusa kamar yadda aka koya masa, ya yi 'yar magana da harshensu.

Tafinta ya ce, "Maigida ya ce Allah ya ba ku haƙuri. Ya ce za su yi kewar tsoho da dutsensa."

Mai raba dabino ya tsaya da faranti a hannu. A bayana na ji wani dillalin hatsi yana raɗa wa na kusa da shi, "Ka ji ko? Har da dutse. Ashe dai maganar gaskiya ta." Na kusa da shi ya ce, "A bar mamaci shi huta," amma muryarsa ta wanda yake son a ci gaba da zancen ce.

Tsofaffi biyu ne a rumfar da kowa ke satar kallonsu. Baban Bungudu yana can gefen gabas, Alhajin Tsafe yana gefen yamma, kuma tun da safe ko gaisawa ba su yi ba. Da tafinta ya rufe baki, Alhajin Tsafe ya sunkuyar da kai yana jan carbi da ɗan murmushi. Baban Bungudu ya tashi, ya naɗe buzunsa, ya ce wa ɗan Kawu na fari, "Na sauke haƙƙin Musulunci. Allah shi gafarta muna baki ɗai." Ya nufi tasha bai waiwayo ba.

Ni kuwa gumi ne ya jiƙa mini riga, domin duk rumfar nan babu wanda ya san dutsen nan kamar ni, kuma ta bakina labarinsa ya fita. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ana ta cewa Kawu ya sayar da mutanensa kafin ya mutu, kuma ni na fara faɗa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ni direba ne, ina da 'yar a-kori-kura, kuma na fi shekara ashirin ina ɗaukar masa buhuna tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu. Dogo ne, siriri, mai kallon mutum ta saman tabarau. Ban taɓa ganin ɗan Adam mai ƙin yarda da abu irinsa ba. Kalmarsa ɗaya ce: "Wa ya auna?" Ka ce masa bana damina ta yi kyau, ya ce wa ya auna. Da aka zo neman auren autarsa, aka ce yaron mai hankali ne, ya ɗago kai ya ce wa ya auna. Ranar da likita ya gwada shi ya ce jininsa ya hau, sai ya miƙa ɗaya hannun ya ce a sake, muna fitowa kuma ya sa na tsaya a kemis aka gwada na uku. Da duka ukun suka zo ɗaya, ya ce wataƙila a makaranta ɗaya suka yi karatu.

Rediyonsa ma bai tsira ba. Tashoshi uku yake kamawa bayan sallar asuba, ɗaya bayan ɗaya, ta Turawa da ta gabas da ta gida. Ba ya yarda da ko ɗaya. Abin da yake nema shi ne abin da wannan ta faɗa, waccan ta tsallake. In ya kama su sai ya buga cinya ya ce, "Yauwa! Nan na anka ɓoye shi."

Da wannan hali nasa aka gina abin da ya riƙe kasuwanni uku tun kafin a haife ni. Suna samari, shi da Baban Bungudu da Alhajin Tsafe suka sayi tiya uku a hannun maƙeri ɗaya, kwanonin awo masu girma ɗaya, kowa ya tafi da tasa kasuwarsu. Kowace shekara bayan kaka sai su haɗu a zauren Kawu su yi abin da suke kira gamin tiya. A cika ta Gusau da gero, a share baki da tafin hannu, a juye a ta Tsafe, a juye a ta Bungudu. In sun zo ɗaya, sai a yi fatiha a ci tuwo. Da waɗannan tiyoyi ake gwada kwanon kowane mai awo, kuma alkawarinsu shi ne wanda ya cuci manomi a kasuwa ɗaya ba shi da wurin shimfiɗa buhu a sauran biyun. Babu takarda, babu hatimi. Amma mace za ta taso daga Kwatarkwashi da riɗinta a ƙwarya ta kai kowace kasuwa a cikin ukun hankalinta kwance.

Na taɓa ganin yadda yake kama mai laifi. Wani mai awo ne a kasuwar Gusau, magidanci mai 'ya'ya, ya bubbuga gindin kwanonsa ya zurfafa don ya riƙa ɗiban fiye da ƙima a wurin manoma. Kawu ya ɗauki kwanon, ya shafa gindinsa da babban yatsa, ya kalli mutumin ta saman tabarau. Na ce yau akwai kallo. Sai kawai ya ce, "Kwanon ga ya yi min. Uwargida na neman na ruwan kaji. Ka bar min shi, ga sabo nan cikin mota." Mutumin ya kasa ɗaga ido. Da muka kai gida Inna, matar Kawu, ta leƙo ta ga kwano ta ce, "Wani kuma? Malam, kajin gidan ga guda nawa na?" A bayan ɗakinta akwai irin waɗannan kwanoni sun fi goma, kowanne da mai shi, kuma Kawu bai taɓa faɗin sunan ko ɗaya ba.

Sai kamfani ya zo. Suka kewaye fili da waya, suka kafa rumbun kwano, suka ajiye sikeli mai lambobi masu haske. Ba ruwansu da tiya, kilo suka sani. Tireloli na shiga wayam suna fita maƙil. Cikin kaka biyu manoman da suka saba kawo mana kaya suka fara wuce kasuwa kai tsaye. Ba zan yi ƙarya ba, farashinsu ya fi namu, kuma ba sa cewa je ka dawo.

A gamin tiyar shekarar ne aka yi rigimar. Ina wurin, ni na shigo da buhun geron gwaji. Ko buɗe shi ba a yi ba Alhajin Tsafe ya ce, "Ku ji, abin ga ya fi ƙarfinmu. Mu tahi mu ukun mu zan wakilansu tun suna bukatarmu. In munka daɗe, za su samu wasu."

Baban Bungudu ya ce, "Wakilan wa? Yau su saye riɗi da tsada, gobe in kasuwa ta mutu su saye shi yadda sunka ga dama. Ni dai ga tawa: duk wanda ya kai musu ko tiya guda, mu hana mashi wuri kasuwa uku."

"Ka hana wa? Rabin mutanenka can suka kai nasu, ta bayan gari."

"Ƙarya kaka yi!"

"Tambayi direban ga, shi ka ɗaukar su."

Na duƙa ina gyara bakin buhu kamar ban ji ba, domin gaskiya ya faɗa.

Rediyon Kawu na gefe yana magana ƙasa-ƙasa, sai ya miƙa hannu ya ƙara murya. Labarin wani taro ne na manyan ƙasashe, ƙawayen juna, da suka zauna a kan yadda za su yi da ƙasar Sin da ke ta ƙara ƙarfi, wasu na cewa a toshe mata hanya, wasu na cewa a yi ciniki da ita, aka tashi ba a daidaita ba. Kawu ya ce, "Ku saurara, zancenku a kai. Waɗanga masu jiragen sama na, kuma abin da ya ishe ku shi ya ishe su. Mai cewa a rufe ƙofa, ka duba taga tai, buɗe take. Mai cewa a buɗe, ka duba aljihu nai. Ita kau mai ƙarfin ba ta ce komi ba, tana ta awo."

Baban Bungudu ya ce, "Bar mu da rediyo. Kai ina ka tsaya?"

Alhajin Tsafe ya ce, "I, hwaɗa muna."

Kawu ya kalli wannan, ya kalli wancan, ya ce, "Kai ka ce za su cuce mu. Kai ka ce za su amfane mu. Wa ya auna?"

Ba a yi gamin tiya ran nan ba, kuma ba a sake yi ba. Tuwon da Inna ta tuƙa almajiranta na islamiyya suka cinye. Alhajin Tsafe ya zama wakilin kamfani, ya sake mota. Baban Bungudu ya kafa dokarsa, mutanensa suna yi masa na'am a kasuwa suna kewayawa ta bayan gari. Masu awo kuwa suka gane babu mai duba su, kowa ya koma yi wa kwanonsa gyaran da ya ga dama. Duk da haka su biyun ba su yanke da Kawu ba. Kowanne na zuwa shi kaɗai yana zawarcinsa, don ya san duk inda Gusau ta karkata nan nauyi yake.

Bayan wata biyu Kawu ya fara wani abu. Muna cikin tafiya, ba gargaɗi, sai ya ce, "Bi hanyar Funtuwa." Ya sa in tsaya wurin mai faci, nesa da ƙofar kamfani, ya rataya tsohuwar jakarsa ta fata, ya taka da ƙafa. Ba ya wuce minti goma. Wani lokaci sau biyu a mako, wani lokaci sai a yi kwana ashirin bai je ba, kuma bai taɓa gaya mini ranar tun da wuri ba. In na tambaya ya ce, "Tuƙi anka ɗauke ka."

To ni ma jininsa ne, zargi a wurinmu gado ne. Wata rana ya shiga masallaci ya bar jakar a mota. Na ɗaga ta na ji nauyi. Na buɗe. Wani abu ne a naɗe cikin farin ƙyalle, an ƙulle. Na kwance, sai ga dutse, baƙi-baƙi, mai santsi a gefe ɗaya, ya ɗan fi dunƙulen hannu biyu. Na mayar na ƙulle da sauri.

Duk wanda ya san Zamfara ta yanzu ya san abin da ake nufi in an ga mutum yana kai wa baƙi dutse a ɓoye. Samfurin ma'adini ne. Kuma na gane irin dutsen, na Kwatarkwashi ne, garin kakanninmu na wajen uwa, inda Kawu ke da gonar gado a gindin tsauni. Na kwana uku ina juya abin. Na ce wato tsohon nan da ke hana mu yarda da kowa, shi yana can yana cinikin tsaunin garinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ƙaunarsa, kuma na ji kamar ya mayar da ni wawa.

Da na kai kaya Bungudu sai na samu Baban Bungudu a rumfarsa na zayyana masa komai. Na ce amana ce. Ya ce, "Na Tsahe ya saida riɗi. Wanga ƙasa za shi saidawa." Kafin mako ya zagayo maganar ta kai kowace tasha. Daga ran nan bai sake taka zauren Kawu ba. In sun haɗu a jana'iza sai ya sauya sahu. Shekara huɗu aka yi a haka, mutanen da suka yi yarinta tare, suka yi aikin hajji a jirgi ɗaya.

Kawu bai taɓa tambayata ba. Bai canza mini fuska ba, bai daina cewa in bi hanyar Funtuwa ba. Sau ɗaya kawai, muna wucewa ta Bungudu, ya ce in rage gudu a daidai rumfar abokinsa. Ya leƙa ta taga, ya ga an juya masa baya, ya ce, "Mu tahi." Har muka kai Gusau bai kunna rediyo ba.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Kwana tara ya yi a kwance, ya cika ranar wata Laraba da hantsi.

Bayan addu'ar uku Inna ta aika a kira ni cikin gida. Tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, jakar na gabanta. Ta tura mini ita da ƙafa ta ce, "Ya ce a ba wanda ya buɗe ta ba da izini ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Inna, ya sani?"

"Tun ranar. Shi ƙullin hagu shika yi, kai ka yi na dama."

Ta sa na kwance ƙyallen, ta nuna mini wani rubutu a kusurwarsa da ban lura da shi ba a wancan karon: biyu da ɗigo uku, da lambobin Larabci, wato nauyin dutsen a kilo. Sannan ta ba ni labarin. Bayan rigimar zaure Kawu ya je Kwatarkwashi ya ɗauko dutsen. Ya rataye sanda a tsakar gida, ƙwarya a kowane gefe, ya zuba riɗi cikin tiyarsa ta asali a ƙwarya ɗaya, ya sa dutsen a ɗayar. Dutsen ya fi nauyi. Mako biyu yana goga shi a dutsen niƙanta yana gwadawa, har sandar ta tsaya daidai. Wannan dutse tiya ɗaya ce ta riɗi cif. Shi yake kai wa kamfani, ya ɗora a ƙaramin sikelin da ake auna wa mata da ƙananan manoma, ya duba lamba, ya ɗauke abinsa ya fito.

Na ce, "Ya taɓa samun ta canza?"

"Sau biyu. Ranakun ko abinci bai ci ba. Bai ce musu komi ba, ya dai kalli manajan, ya nuna mai lambar ƙyalle. Wanshekare ya koma, ya iske an gyara."

"To me ya hana shi faɗa, Inna? Ana zaginsa a tasha!"

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce in na Tsahe ya ji, za shi bi kasuwa shina cewa har Gusau ta shaida sikelinsu, shi saida sunana. In na Bungudu ya ji an taɓa samun ragi, za shi tara samari a ƙone wurin, matan ƙauye su rasa mai saye. Ya ce su baƙin ba su tsoron mai zaginsu, ba su tsoron mai yabonsu. Wanda ba su san ranar zuwa nai ba, shi suka tsoro." Ta gyara mayafi. "Amma maganar na Bungudu ta ci shi. Har ya cika shina tambaya ko ya zo."

Na yi kuka a gabanta kamar yaro, ba ta ba ni haƙuri ba, kuma ta yi daidai.

Ranar da aka yi bakwai na tafi Bungudu na durƙusa na faɗi abin da na yi. Baban Bungudu ya juya dutsen a hannu, ya ce, "Wa ya shaida wanga labari? Kai da ka kawo na farko?" Na ce babu, sai dai mu je ya gani. Na wuce Tsafe na ɗauko Alhaji, wanda ya yi ta tambaya ko wani abu ake shirya masa. Na cusa su biyun a gaban a-kori-kura, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa na kallon tagarsa ko gilashin gaba.

Na tsaya wurin mai faci, muka taka. Mata na layi da ƙore a gaban ƙaramin sikeli. Ma'aikacin da ke awo, ɗan garinmu ne, ya ga jakar a kafaɗata sai fuskarsa ta sauya. Na nuna wa tsofaffin lambar ƙyalle, na ɗora dutsen.

Biyu da ɗigo ɗaya.

Kwana bakwai kacal da rasuwar Kawu, har an gyara sikelin yana rage wa matan nauyi. Ban san wanda ya taɓa sikelin ba. Ko manajan da ya cire takalma a rumfarmu ne, ko wannan ɗan garin namu ne ke yi don kansa, ko wani ne can sama da ba mu taɓa gani ba. Alhajin Tsafe ya fara cewa wataƙila dutsen ne ya goge, sai ya kalli matan da ke layi, maganar ta maƙale. Na juya ga Baban Bungudu ina jiran ihu, don na san shekara huɗu yake jiran wannan rana.

Bai yi ihu ba. Ya sa hannu biyu ya ɗauki dutsen. Ya nuna wa ma'aikacin lambar ƙyalle, ya kalle shi har sai da ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Muna dawowa."

Ma'aikacin ya ce, "Yaushe, Baba?"

Alhajin Tsafe ne ya amsa. Ya ce, "Ba a hwaɗin rana."

A mota Baban Bungudu ya rungume jakar a ƙirji. Mun kusa shiga gari ya ce in kai shi maƙabarta. Ya tsuguna a gefen kabarin ya daɗe, muna tsaye daga nesa, ina ganin kafaɗunsa na motsi. Da ya taso idonsa ja, ya ce mini, "Shekara huɗu shina jiran in tambaye shi. Tambaya guda. Ni kau ban auna ba."

Washegari muka koma, lamba ta dawo biyu da ɗigo uku. Kowanne cikin tsofaffin biyu ya nemi in bar masa dutsen a wurinsa, na ce Kawu ni ya bar wa. Yana cikin motata, kuma na sauya masa ƙulli, wanda ban nuna wa kowa ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yafe mini abin da bakina ya jawo masa. Ranar da za a ɗora ayyukan kowa a kan mizanin da babu mai iya taɓa shi, Allah ya sa nasa ya rinjaya.